Ciwon Ƙafa Lokacin Tafiya: Kada a Ce Sanyi Ne

Jama'a, idan dattijo ya ce sha-raɓarsa tana ɗaurewa in ya taka zuwa masallaci, sai ya tsaya ciwon ya lafa, ya ci gaba ya dawo, kada a yi saurin cewa sanyi ne ko tsufa. Sau da yawa jijiyar da ke kai wa ƙafa jini ce ta ƙuntata saboda kitsen da ya taru a cikinta. Masu ciwon suga da hawan jini da mashaya sigari su wannan cuta ta fi kamawa.

In aka yi sakaci, ciwon kan hana barci, har sai mutum ya sauko da ƙafarsa daga gado ya samu sauƙi. Tafin ƙafa ya yi sanyi, ɗan rauni ya zama gyambo, yatsa ya soma baƙi. A nan ne wasu ke zuwa wurin wanzami a yi tsaga, ko su gasa ƙafar da ruwan zafi. Don Allah a daina. Ƙafar da jini bai ishe ta ba, ba ta iya warkar da sabon rauni.

A asibiti ana auna ƙarfin jini a idon sawu da kuma a hannu a kwatanta, sannan a ɗauki hoton jijiyoyin. Wani majiyyacin, magani da motsa jiki sun ishe shi, wani a buɗe masa jijiyar da 'yar balan-balan. In toshewar ta yi tsawo, sai tiyata. Kamar yadda ake yi wa motoci ratse in gada ta karye, haka likita ke yi wa jini. Yakan ciro doguwar jijiyar da ta taso daga idon sawu zuwa matsematsi, ko ya sa bututun roba, ya ɗinka sama da toshewar da ƙasanta. Ba sabon aiki ba ne: tun 1948 likita Jean Kunlin ya yi shi a Faransa.

Aikin yana ceton ƙafa daga yankewa, amma ba ya raya naman da ya riga ya mutu, shi ya sa jinkiri ke tayar mini da hankali. Bayan tiyata a rabu da sigari kwata-kwata, domin yana toshe sabuwar hanyar. A riƙa shan magungunan da likita ya rubuta. In ƙafar ta yi sanyi da ciwo farat ɗaya, a garzaya asibiti a ranar, ko da dare ne.