Mene ne "Piyeta"?

Da hoton wata Bafalasɗiniya rungume da gawar yarinya a asibitin Nasser na Khan Yunis ya lashe kyautar World Press Photo ta 2024, 'yan jarida suka yi ta kiransa "Piyetar Gaza". Kalmar daga Italiyanci take, tana nufin tausayi. A wurin masu zane da sassaƙa kuwa, suna ne na siffa guda: Maryamu zaune, gawar Yesu a kan cinyarta bayan an sauko da shi daga gicciye, kamar yadda Kiristoci suka yi imani. Abin lura, babu inda Linjila ta ba da labarin wannan zama. Masu ibada ne suka ƙago shi.

Kiristocin farko ma ba sa son zana gicciyewar ko kaɗan, domin a daular Rum kisan wulaƙanci ne na bayi da 'yan tawaye. Ko da aka fara, kamar a ƙofar cocin Santa Sabina ta birnin Rum a ƙarni na 5, Yesu a raye yake, ba alamar azaba a jikinsa.

A Jamus Piyeta ta samo asali, wajen shekarar 1300. Wadda ake kira Piyetar Rotgen, da ke gidan tarihi a birnin Bon, itace ne aka sassaƙa, kuma kallonta sai mai ƙarfin zuciya. Haƙarƙari duk a waje, jini ya daskare guda-guda a bakin raunuka, kan Yesu ya karye baya, fuskar uwar ta yamutse. So ake mai addu'a ya ji zafin a jikinsa.

Sai ga Mikelanjelo, mai sassaƙa ɗan Italiya, a 1498 zuwa 1499, bai kai shekara 25 ba, ya sassaƙa tasa da farin dutse. Ba jini, ba kuka. Yesu kamar barci ya ɗauke shi, Maryamu kuma budurwa shar, har ta fi ɗan nata ƙuruciya. Kyau kam ba a magana, amma a ganina kyan ya danne baƙin cikin, na Jamusawa sun fi faɗin gaskiyar mutuwa.

Tasa ce dai duniya ta sani. Tana cocin Waliyi Bitrus a Batikan, a bayan gilashi tun da wani mutum ya far mata da guduma a 1972, ya karya hannun Maryamu ya ɓantare mata hanci.