Masu tambayata kan hotunan 'yan juyin juya halin Faransa da nake bugawa a kanbas, ga amsa sau ɗaya

Kullum tambayoyin nan dai su ne, har bakina ya gaji. Ku karanta kafin ku kira ni don Allah.

Wannan mai riga mai ratsi-ratsi Napoleon ne?

A'a. Robespierre ne, lauya ɗan garin Arras, an fille masa kai ranar 28 ga Yuli 1794. Asalin zanen yana gidan tarihi na Carnavalet a Paris.

Da hannu kuke zanawa?

Inji ne ke bugawa a kan kanbas, mu ja shi a jikin katako. Duk wanda ya ce maka fentin hannu ne a wannan kuɗin, yaudararka yake.

Ba za a kama ni da satar fasaha ba?

Kwantar da hankalinka. Masu zanen sun daɗe da mutuwa, David ya mutu 1825, Girodet 1824. Kuma tun 2020 gidajen tarihin birnin Paris suka saki hotuna sama da 100,000 kyauta, kowa ya sauke.

Za a iya goge tabon fuskar Mirabeau ya yi kyau?

Haba malam! Zanzanar agana ce tun yana yaro, da ita Faransa ta san shi, da ita ya tsaya a majalisa a 1789. In ka goge to ba shi ba ne kuma. Ni ba na yi.

Na samo hoton a waya, zai yi a buga shi babba?

To wannan ce tambayar, kuma amsarta ya danganta. Abu na farko ka duba girman fayil ɗin, ba yadda yake sheƙi a wayarka ba, don waya komai kyau take nuna shi. Kanbas mai santimita 60 da 90 yana son kamar piksel 3600 da 5400, in an matsa 2400 da 3600 ma zai wuce tunda saƙar kanbas tana ɓoye laifi kaɗan, amma fa sai in bangon da nisa da inda ake zama, in a saman kujera ne inda baƙo zai kai hancinsa to zai gani. Wani ya turo min Danton ta WhatsApp, na ce masa an matse hoton, ya nace a buga, da ya fito idon nan ya zama kamar an ɗiga tawada a ruwa, maɓallan riga duk sun narke, ƙarshe sai da aka sake, kuɗi biyu. Sannan akwai gefe, katakon yana cin wajen santimita 3 ko 4 ta kowane ɓangare, in kan mutumin yana dab da sama sai ka ga gashinsa ya naɗe ya koma baya, don haka a bar fili ko a sa baƙin gefe. Su kuma manhajojin nan masu ƙara girman hoto, wani lokaci suna taimako, wani lokaci su goge sawun burushi fuska ta koma kamar roba. Ba zan ce kada ka gwada ba, amma a fara buga ɗan yanki na ido da baki a gani tukuna. Tsofaffin zanen nan kuma da duhu suke, a kanbas sukan ƙara duhu, ɗakin da ba haske sai ka yi tunani.

Ya halatta a rataye hoton mutum a ɗaki?

Ka tambayi malaminka, kafin ka biya ba bayan an buga ba.

Na Marat zai dace da falo?

Ka san me ke ciki kuwa? Gawa ce a bahon wanka, Charlotte Corday ta soke shi ranar 13 ga Yuli 1793, ga wuƙar a ƙasa, ga jini a takarda. David ya zana, zanen yana Brussels. Zane ne babba wallahi, amma ba inda yara ke cin tuwo ba.

Yaya ake goge ƙura?

Busasshen tsumma mai laushi. Ban da ruwa, ban da rana kai tsaye, ban da bangon da ke tsatsafo da damina.

Kai wanne za ka rataye?

Wannan ba wanda ya taɓa tambayata, ni na sa ta. Jean-Baptiste Belley. An haife shi a Senegal, aka sayar da shi bawa zuwa Saint-Domingue, Haiti ta yau, ya samu 'yancinsa, ya zama ɗan majalisa a Paris, yana zauren ranar 4 ga Fabrairu 1794 da aka soke bauta. Girodet ya zana shi a 1797, zanen yana Versailles, yana tsaye da ɗamara mai launin tuta ya jingina gwiwar hannu kusa da farin gunkin Raynal, marubucin da ya soki bauta, yana kallon sama. Napoleon ya dawo da bauta a 1802, aka tsare Belley, ya rasu 1805. Kowa sai Robespierre, Robespierre, shi kuwa wannan ko sunansa ba ku sani ba, abin yana min ciwo. In za ku buga shi a buga shi cikakke a tsaye, kada a yanke daga ƙirji.