Shin hip hop kiɗan 'yan daba ne?

An daɗe ana cewa hip hop kiɗan 'yan daba ne, babu komai cikinsa sai ashar da taƙama da kuɗi. Ba laifin masu faɗin haka ba ne, irinsa ya fi cika talabijin.

Asalinsa unguwar Bronx ce a New York, wajen 1973, lokacin da talauci da gobara suka addabi unguwar. Matasa kan jona lasifika da wutar fitilar titi, su kara da rawa da baiti maimakon wuƙa. Daga baya waƙoƙin suka riƙa kokawa kan zaluncin 'yan sanda da rashin aikin yi.

Mai son tabbatarwa ya nemo baitocin waƙoƙin shekarun 1980 a intanet, ya karanta da kansa. Don Allah a tura wa 'yan uwa.