Waiwaye: me ya sa kattin layin gaba ke shan wuya in sun baro jami'a zuwa NFL?

Duk shekara in Afrilu ya zo aka yi zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwallon Amurka ɗin nan da ake sa kwalkwali ana ture-ture, sai an tono maganar nan: wai jami'o'i sun daina fitar da 'yan layin gaba da suka iya aiki. Ga wanda bai saba kallo ba, su ne katti biyar ɗin da ke durƙusawa a gaban mai jifa, kowanne zai kai kilo 140, ba sa cin maki, ƙwallon ma na tsakiya ne kawai ke taɓa ta, aikinsu su tare masu kawo hari su kuma buɗe wa mai gudu hanya. Masu sharhi na cewa yaran yanzu ba su san komai ba, kociyoyin jami'a kuma na cewa mu fa aikinmu cin wasan ranar Asabar ne, ba renon ɗan wasa don wani ba. Ana ta yi kamar jiya abin ya faro.

Tarihin farko kowa ya sani, ba sai an ja shi ba. A 1978 aka canza doka aka bar 'yan layin gaba su miƙe hannu su buɗe tafi wajen tare mutum, daga nan dogon hannu ya zama jari. Mai kai hari Lawrence Taylor ya shigo a 1981 yana farautar masu jifa ta gefen da ba sa gani, a 1985 ƙafar mai jifa Joe Theismann ta karye ana nunawa kai tsaye a talabijin, da aka ba 'yan wasa 'yancin canza kulob a 1993 sai mai gadin gefen hagu, wanda ke tsare wancan gefen da mai jifa ba ya gani, ya koma cikin masu manyan albashi. Zamanin su Anthony Muñoz ke nan, da Jonathan Ogden, da Orlando Pace wanda shi aka fara ɗauka gaba ɗaya a 1997.

Sai shekarun 2000 jami'o'i suka rungumi salon baza 'yan wasa a faɗin fili da sauri-sauri, babu taruwa a yi shawara, a dubi allon da koci ya ɗaga a gefe kawai a ci gaba. Yaro zai yi shekara uku yana tsaye a rusune bai taɓa sa hannu a ƙasa kamar yadda ake yi a NFL ba, ƙwallo kuma na barin hannun mai jifa kafin a ce kwabo. Ga dokar ma ba ɗaya ba, a jami'a ɗan layi zai iya kutsawa yadi 3 gaba a wasan jifa, a NFL yadi 1 ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma a nan yawanci ake tsayar da zancen.

Ni dai a ganina 2011 ce shekarar da ya kamata a tsaya a kai. Ai tun da can ma babu jami'ar da ke fitar da ɗan layi gamamme, kulob ne ke ƙarasa shi a filin atisaye. To a waccan shekarar, bayan takaddamar da ta rufe harkar daga Maris zuwa Yuli, masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa suka sa hannu a yarjejeniyar shekara 10, hankalin kowa na kan rabon kuɗi, ba a kula da shafukan atisaye ba sosai. A ciki aka soke atisayen sulke sau biyu a rana a sansanin shiri, aka rage shirin bazara daga mako 14 zuwa 9, sannan a duk tsawon kakar wasa sau 14 kacal aka yarda a sa sulke a yi atisaye, 11 daga ciki ma a makonni 11 na farko. Kuma fa 'yan wasan na da hujja, lokacin ne maganar bugun kai da lalacewar ƙwaƙwalwa ta yi zafi, ba a kuma manta Korey Stringer ba, shi ma ɗan layin gaba ne, zafin rana ya kashe shi a sansanin shiri a 2001.

Sai dai ragin bai shafi kowa daidai ba. Mai jifa da masu cafewa za su iya haɗuwa a kowane fili da gajeren wando su yi ta jifa har yamma. Mai kai hari shi ma sauri da dabararsa shi kaɗai yake wasawa. Ɗan layin gaba kuwa kamar ɗan kokawa ne, ba ya koyo sai an kama shi ya kama, kuma su biyar ne dole su motsa tare. Ka ɗauki lokacin da mahara biyu suka yi musayar hanya, na waje ya faɗo ciki na ciki ya zagayo waje, dole mai gadin gefe ya tura nasa ga na kusa da shi ya karɓi ɗayan cikin ƙiftawar ido ba tare da sun yi magana ba, da kafaɗa kawai suke jin juna, in ɗaya ya makara da taku ɗaya to mai jifa na ƙasa. Wannan ba a koyonsa a bidiyo ko ta tafiya a hankali cikin riga.

A yarjejeniyar dai aka sa wa sabbin shiga iyakar albashi da kwantiragin shekara 4, sai ya zama yaron da aka ɗauko yana da araha kuma agogo na tafiya, wa zai ajiye shi a benci shekara biyu yana koyo? Ga gasar NFL ta Turai, inda a da ake tura ɗanye ya nuna, an rufe ta tun 2007. A 2020 aka sake rage atisayen sulke na sansani daga 28 zuwa 16, daga 2021 kuma wasannin share fage suka koma 3.

In ka duba waɗanda suka yi nasara bayan nan za ka ga kusan kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga makarantun da ba su saki tsohon salo ba, irin Zack Martin da Quenton Nelson na Notre Dame, ko Tristan Wirfs na Iowa da ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin NFL, a shekararsa ta farko da Tampa Bay. Akwai kuma waɗanda aka yi wa haƙuri. Jordan Mailata ɗan rugby ne daga Ostareliya, bai taɓa buga wasan ba ko sau ɗaya balle a jami'a, Philadelphia ta ɗauke shi a zagaye na 7 na zaɓen sabbin 'yan wasa a 2018, bai buga wasan gasa ba sai 2020, yau yana cikin gwanayen gefen hagu kuma ya ɗaga kofi a Fabrairun 2025. In jami'a ce matsalar, to shi ina ya koya?

Su kansu 'yan wasan sun gano inda giɓin yake. Da yawa yanzu daga aljihunsu suke biyan masu horarwa na kansu lokacin hutu, kuma tun 2018 ɗan layin gaba Lane Johnson da wani mai horarwa Duke Manyweather suka fara tara 'yan layin gaba na kulob daban-daban a Texas duk bazara, abokan hamayya a ɗaki ɗaya, tsoffi na nuna wa yara inda ake sa ƙafa da inda ake sa hannu.