Madobiya na ƙarewa, ɓera na ƙaruwa

Wanda ya bi hanyar Bali zuwa Jalingo a shekarun baya ya ga yadda tireloli ke jerin gwano da gumagumen madobiya, wadda 'yan katako ke kira madirid. Galibi ƙasar Sin ake kai su a yi kujeru da gadajen alfarma. Saran ya yi ƙamari har a 2018 aka sa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya.

Ita madobiya ba ta gaggawa. Sai ta shekara gommai kafin ta yi kaurin da mai zarto zai kwantar cikin minti kaɗan. Ga ta da amfani: saiwarta na ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma a bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare ƙaf, ganyenta makiyayi ke sassabo wa shanu. In ka sari jikinta, wani jan ruwa ke tsattsafowa kamar jini.

To, dubi ɓeran da ke yawo da zazzaɓin Lassa, mai nonuwa jere reras a ciki. Cikinsa sati uku ne da 'yan kwanaki, kuma macen kan zubo 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa ɗaya. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ke kawo cutar, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969.

Abin da ke ba ni takaici a zagayen da nake yi ƙauyuka shi ne ƙunar daji. Yara su cinna wuta don farautar ɓera da gafiya, wutar ta lashe ƙananan madobiyoyin da suka tsiro, ɓerayen kuma su tsere su shige rumbu da ɗakin girki. Da rani ne kuwa, lokacin wannan ƙunar, Lassa ta fi kwantar da mutane a Taraba da Bauchi.

Don Allah a bar ƙunar nan. Kututturen da ya yi toho a ƙyale shi, makiyayi ya sassabi reshe ya bar uwar. A gida a rufe hatsi da tukwane, a daina shanya rogo a bakin titi, a toshe ramuka. Mataccen ɓera kada a ɗauka da hannu. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kuwa, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.