"Ana zargin" ba ta wanke ɗan jarida

Ɗalibai da yawa masu koyon aikin jarida sun ɗauka cewa da zarar sun rubuta "ana zargin" ko "wata majiya ta ce", to sun tsira. Ba haka ba ne. A wajen shari'a, wanda ya maimaita ƙazafi a jarida ya yaɗa shi, kuma zai amsa tamkar daga bakinsa ya fito.

Ka buga cewa wai wani shugaban makaranta ya cinye kuɗin ɗalibai. In ya kai ƙara, kai da editanka za a nemi hujja a hannunku, ba mutumin da ya raɗa maka a teburin mai shayi ba. Kuma a kundin dokokin hukunta laifuka na Penal Code da Arewacin Najeriya ke aiki da shi tun 1960, ɓata suna laifi ne da ɗaurinsa kan iya kaiwa shekara 2.

Abin da ke kare ka shi ne gaskiyar da za ka iya tabbatarwa: takarda, rasit, shaidan da ya yarda ya tsaya. Rahoton zaman kotu ko majalisa ma yana da kariya, muddin ka kawo shi daidai ba ƙari. Wanda ake zargi kuwa, haƙƙinsa ne ka neme shi ka ji ta bakinsa kafin labarin ya fita.