Wai kofi ɗaya giram 250 ne?

Yanzu ko ina ka leƙa maganar giram ake, masu koyar da kek a TikTok giram, ajin girki na WhatsApp giram, har shirye-shiryen mata na rediyo sun ɗauka. Abin da ke ƙona min rai shi ne ki ji malama ta buɗe baki ta ce "ai kofi ɗaya giram 250 ne", ɗalibai su rubuta, su je gida su yi asarar fulawa da bota a wannan tsadar da ake ciki.

Giram awon nauyi ne, sikeli ke faɗinsa. Kofi kuwa awon cika ne, da mililita ake lissafa shi. A ruwa ne lissafin yake yin daidai, mililita ɗaya giram ɗaya, kofi mai mililita 250 sai ya ci ruwa giram 250, daga nan 250 ɗin ta samo asali. Kuma ko shi kofin ba iri ɗaya ba ne, na Amurka wajen mililita 240 ne.

Ɗauki rasberi, wannan ɗan jan ɗan itacen da ake shigo da shi, ake ganinsa a firjin manyan kantunan Kaduna, wanda masu kek ɗin biki suka ɗauka da zafi. Ki juya ƙwara ɗaya ki duba, tsakiyarta rami ne, ɗan ƙaramin yatsa ma yana shiga, in kin zuba su a kofi ga iska a cikinsu ga iska a tsakaninsu. Shi ya sa kofi cike da rasberi bai wuce wajen giram 125 ba. To in girki ya ce giram 250, kofi biyu ake nufi, wadda ta bi maganar malama ta sa ɗaya rabi ta sa wallahi. Ƙaramar robar da ake sayar da rasberi a ciki mai giram 170 kuma kofi ɗaya ce da kashi ɗaya cikin uku. Amma da kin dame shi ramin ya tafi, nauyin kofi guda sai ya kusa ninkawa, mai ƙanƙara ma in ya narke lotsawa yake yi. Sitiroberin Jos shi ma haka, kofi ɗaya wajen giram 145 in ba a yanka ba, in an yanka ya haura 160.

Mu fa mun san wannan tun fil azal, duk mai zuwa Kasuwar Barci ta san mudun gero da mudun busasshen zogale ba nauyinsu ɗaya ba. Fulawa kofi ɗaya wajen giram 120 zuwa 125, sukari 200, zuma 340.

Ni dai a ganina mai kek na sayarwa ta daina wahalar da kanta da kofi, ta sayi ƙaramin sikeli mai batir, ta ɗora kwano ta danna ya koma sifili sannan ta zuba. Malamai kuma don Allah in za ku ba da adadin giram ku faɗi na mene ne.